KOWA NA SON DOKI, WA ZAI RIƘE GOƊIYA?

Wata rana a zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin al'adu yana yi mana bayanin sarautun gargajiya, sai ya zo kan Shamaki da Sarkin Dawaki da Madawaki, wanda Kanawa suka gajarta suka ce Madaki. Nan ya dakata, ya dube mu, ya ce, "A cikinku wa ya taɓa ganin doki?" Aji ya fashe da dariya, kowa ya ɗaga hannu. Ya ce, "To, wa ya taɓa ganin ɗan duƙushi yana shan nonon uwarsa?" Sai hannuwa suka yi ta sauka ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga ni sai wani ɗan'uwa mutumin wajen Gumel. Wata ɗaliba da ke zaune a gaba ma tambaya ta yi, wai mene ne duƙushi? Malam ya ce in tashi in gaya mata. Na tashi na ce ɗan doki ne da bai isa hawa ba, ta macen kuwa duƙusa, uwarsu ita ce goɗiya. Aka tafa mini, na zauna. Abin da 'yan ajinmu ba su sani ba shi ne, kuɗin goɗiyar gidanmu ne ya zaunar da ni a kan wannan kujera, kuma ita ce goɗiya ta ƙarshe a garinmu.

Tun daga ranar abin yake ci mini rai. Saboda haka da na ji ana neman rubuce-rubuce domin mujallar ƙungiyarmu, sai na ce bari in kawo nawa ɗan guzurin. Abin da na gani a gidanmu, da wanda na ji daga bakin manya, da ɗan abin da na tsinta a ɗakin karatu, su zan shimfiɗa a gaban mai karatu, shi ya yi alƙalanci.

Ni mutumin wani ƙauye ne da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, a yammacin Jihar Kano. Mu manoma ne, dawa da gyaɗa da wake, da ɗan rake a fadama. Amma abin da aka san gidanmu da shi tun kaka da kakanni shi ne kiwon goɗiya. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya rasu ina da shekara 12. Kafin nan na sha zama a gindinsa yana lissafa mini da yatsu gidajen da ke da goɗiya a garinmu sa'ad da yake saurayi. Yakan kai gida 11 kafin ya tsaya. Ya ce bayan girbi, in an saki dabbobi, sai ka ga goɗiyoyi a fadama, kowace da ɗanta yana tsalle a bayanta, sai ka ce garken awaki.

Yadda abin yake tafiya a wancan zamani babu wuyar ganewa. Talaka ke riƙe goɗiya, basarake ke riƙe ingarma. Dagacinmu yana da ingarmansa a barga. In goɗiyarka ta nemi namiji sai ka sa mata ragama ka kai ta baye, ka ba mai kula da barga goro, in an yi girbi ka kai damin dawa, shi ke nan. Ciyawa kuwa ba a saye. Da damina yara ke fita da lauje tun da sassafe, da rani ga harawa a kan rumfa, ga ingirici, ga dusa daga turmin mata. In ta haifi namiji, tun yana ɗan wata 6 labarinsa ya kai gidan hakimi, kafin ya cika shekara 3 an zo an taya. Babban abin alfaharin Kakana shi ne wani akawal da ya fito daga turkensa, wanda ya ce an tafi da shi cikin ayarin hakimi zuwa babban hawan da aka yi a Kaduna a 1977, lokacin bikin FESTAC. Shi bai je ba, bai gani ba, amma har ya bar duniya in aka yi zancen hawan nan sai ya ce, "Ai da ɗanmu a ciki."

Wannan ciniki tsakanin turken talaka da bargar sarki ya daɗe ainun. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali, kuma yana aika wa Kwararrafa dawaki. Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, shi ake danganta wa dawakin zage, watau waɗanda ake ja babu mahayi a cikin ayarin sarki. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano yana iya tara mahaya 7,000 in yaƙi ya taso. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani, goɗiya nawa ake bukata kafin a sami dokin yaƙi 7,000, alhali rabin abin da ake haifa mata ne, kuma yaƙi da cuta suna ta cinyewa? Bugu da ƙari, ƙasashen kudu irin su Oyo suna sayen dawaki daga arewa, kuma saboda ƙudan tsando da ciwon sammore dawakin ba sa daɗewa a can, dole a komo a sake saye. Ashe ke nan mai goɗiya ba ya rasa kasuwa. Sunayen garuruwa irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta wadda ke cikin masu zaɓen Sarkin Kano, duk shaida ne a kan matsayin wannan dabba.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 yaƙi ya ƙare, amma doki bai rasa aiki ba. Shi ne motar hakimi in zai fita rangadi, shi ne na dagaci in an kira shi birni, shi ne na malami da na attajiri. Sannu a hankali keke ya zo, babur ya biyo, mota ta cika hanya. Yau in dagacinmu zai je Gwarzo ko Kabo, ɗan acaɓa yake kira. Abin da ya rage wa doki guda uku ne: hawan sallah da na angwanci, sukuwa, da ƙwallon dawaki. Duk mai kallon hawa kuwa ya san abu guda: namiji ake hawa. Babu basaraken da zai fito gaban Sarki a kan goɗiya, babu angon da zai yarda abokansa su gan shi a kanta. Kowa ingarma yake so, mai wuya kamar baka, mai haniniya. Ita goɗiya tana can bayan gida a ɗaure, babu mai yi mata kirari.

Tamu sunanta Gunya, saboda launin jikinta. Jikar wata goɗiyar Kakana ce, kuma tare muka tashi, don ni ke yanko mata ciyawa kafin in tafi makaranta, ni ke jiƙa mata kanwa. A sanina ta haihu sau uku. Na fari namiji ne, aka sayar da shi da daraja, kuɗinsa ne ya rufe ɗakunan gidanmu da kwano. Ta biyu mace ce, muka yi ta neman mai saye, daga ƙarshe aka ba da ita a kan abin da bai wuce kuɗin rago biyu ba. Na uku namiji ne kyakkyawa, mai farin goshi, amma yana ɗan wata 4 wani ciwo ya kama shi a tsakiyar damina, kwana uku ya mutu. Wannan baye na ƙarshe ma sai da muka ja ta da ƙafa har wajen Kabo muka biya kuɗi, don dagacinmu na yanzu ba shi da ingarma. In sallah ta zo, haya yake yi.

A shekarar 2023 na sami gurbin karatu a jami'a. Kowa ya san yadda shekarar ta kasance. A watan Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na hatsi suka tashi, kowane magidanci ya shiga lissafi. Wani dare bayan sallar isha'i Baba ya sa aka kira ni zaure. Da yake ni ne ɗan fari, ba ya kama sunana. Na tarar da shi zaune da Baffana, fitila a tsakaninsu.

Ya ce, "Kai, zauna. Mun yi shawara da baffanka, Gunya za a sayar."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri a bar ta. In ya so in jira wata shekara."

Ya ce, "Ko ka tafi ko ka zauna, ita ci take yi. Matso ka gani."

Sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zane da yatsa. Wannan lissafi na Baba shi ne darasin tattalin arziki na farko da na taɓa ɗauka, kuma har yau ban ji wanda ya fi shi shiga kai ba. Ga yadda yake. Goɗiya tana cin rabin tiya na dawa kullum, in ana so ta yi kyan gani. A shekara tiya 180 ke nan, watau buhu 4 da rabi, in an yi buhu tiya 40. Cikinta wata 11 ne, ɗa guda take haifa, kuma a hannunmu sau ɗaya take haihuwa a shekara biyu, don ba kowane baye ke kamawa ba. Ke nan kowane ɗa yana fitowa da bashin buhu 9 na abin da uwarsa ta ci. Shi kansa daga yaye zuwa ranar da zai isa a ɗora masa sirdi, shekara 2 da rabi, zai ci wajen buhu 11. Baba ya ja layi a ƙasa, ya ce, "Buhu 20. Ban sa harawa ba, ban sa dusa ba, ban sa kanwa da magani ba, ban sa wahalarka ba. In namiji ne, ya rayu, ya yi kyau, an mai da kuɗi har da ɗan canji. In mace ce, an yi asara. In ya mutu, sai innalillahi."

Baffa ya karɓe zancen, ya ce, "Kuma ka dubi sa. Ka saye shi bayan girbi, ka ɗaure shi wata 5, ka sayar ka ga ribarka. In ka ga dama ka bar shi ya ja maka garma da amalanke. Rago kuwa layya na jiransa kowace shekara. Ita wannan me take ja?"

Ban sami amsa ba. Kuma da na natsu na gane akwai abin da ba su ma faɗa ba. Harawar da Kakana ke zuba wa dabba kyauta, yau kaya ce ta sayarwa, motoci ke zuwa har gona suna lodinta zuwa birni. Fadamar da ake sakin goɗiyoyi ta zama ta noman rani, kowane taku da mai shi, in dabbarka ta shiga sai an je gaban dagaci. Yaran da ke fita da lauje suna makaranta, ni ne ma na ƙarshensu, ga shi kuma zan tafi. Watau duk abin da ke sa kiwon goɗiya ya yi sauƙi a da, yanzu ya zama na kuɗi, amma farashin ɗan duƙushi bai bi sawu ba.

Washegari aka aika wa Kawuna da ke Kabo, wanda yake dillancin dabbobi. Da ya zo ya duba haƙoranta, ya shafa ƙafafunta, ya girgiza kai. Na raka shi da ita har bakin hanya, ina riƙe da ragama, muna tafe yana ba ni labarin kasuwa.

Na ce, "Kawu, ai na ga dawaki sai ƙaruwa suke yi a birni. Ko'ina ka duba samari na kilisa, kowane biki da hawan angwanci. Yaya za a ce mai goɗiya ba ya samu?"

Ya yi dariya, ya ce, "Ɗan nan, mai son doki ba shi da haƙurin shekara 4. Yau yake so, gobe ya hau. In Alhaji ya ba ni kuɗi, ranar Alhamis ina Maigatari, in zaɓo masa wanda ya riga ya girma a ƙasar Nijar, in sa a mota, jibi yana bargarsa. Masu sukuwa kuwa ɗan Sudan suke nema, masu ƙwallon dawaki har Ajantina suke aikawa. Wa zai zo ƙauyenku ya tsaya jiran cikin Gunya?"

Gaskiya Kawu ya faɗa. Ƙwallon dawaki ya kafu a ƙasar Hausa tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a wasan har ƙasashen waje. Kuɗi masu yawa na yawo a wannan fage, haka kuma a fagen sukuwa. Amma kuɗin yana bi ta saman kanmu ne ya wuce, daga aljihun attajiri zuwa na dillali, daga nan ya tsallaka iyaka. Dillali yana samun la'adarsa a yini guda, mai mota ya sami nasa, baduku mai ɗinka kayan doki ya sami nasa, maƙeri mai linzami da likkafa ya sami nasa. Wanda ya ɗauki shekara 4 yana ciyarwa shi ne na ƙarshe a layi. Kuma dogaro da dokin waje yana da nasa haɗari. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ita kanta kasuwar hawan ba kullum take ci ba. A 2020 annobar korona ta hana hawan sallah a Kano. A babbar sallar 2024, da kuma sallolin 2025, an dakatar da hawa saboda rikicin sarauta. Duk shekarar da ba a yi Hawan Daushe da Hawan Nassarawa ba, masu haya ba su samu ba, masu saye sun janye hannu, dokin kuwa bai daina ci ba. Mai ingarma yana iya daurewa, don yana da ƙarfi. Mai goɗiya a ƙauye shi ke fara sakin igiya.

Akwai kuma wata kasuwa da Kawu bai so ya yi zancenta ba sai da na matsa. Manyan motoci suna lodin dawaki daga kasuwannin arewa zuwa kudu, wurare irin su Obollo-Afor a Jihar Enugu, inda ake yanka su don nama. Su waɗannan masu saye ba ruwansu da launi ko asali, nauyi suke dubawa. Tsohon doki, gurgu, da goɗiyar da ba ta da mai so, su ne kayansu. Na ce, "Kawu, don Allah kada ku ba su ita." Ya ce, "In Allah ya yarda." Bayan mako uku ya kawo wa Baba kuɗi, ya ce wani mutum ne daga arewa ya saya, wai zai yi kiwo. Haka ya faɗa, haka na karɓa. Ban sake tambayarsa ba, kuma ba na jin zan sake.

Da na zo jami'a na ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai, na talauci. Sai wata rana ina bincike a ɗakin karatu na ci karo da labarin dawakin sukuwa na Turai da Amurka, wani jinsi da ake kira Thoroughbred. Ingilishi ne suka samar da shi, kuma duk dokin wannan jinsi da ke duniya salsalarsa ta wajen uba tana komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen Gabas wajen shekara 300 da suka wuce: Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian. Tun 1791 wani mutum mai suna James Weatherby ya fara buga littafin asalinsu, kuma har yau ba a karɓar doki cikin jinsin sai an san uwarsa da ubansa a rubuce. Saboda wannan rubutu, sun san adadin abin da ake haifa kowace shekara. A Amurka ta Arewa, ƙungiyar Jockey Club ta rubuta 'yan duƙushi fiye da 51,000 a 1986. Zuwa 2024 abin da ake haifa a shekara bai kai 20,000 ba. An rasa fiye da rabi ke nan cikin shekara 40, a ƙasar da ta fi kowa kuɗi.

Abin mamaki, kuɗin bai gudu daga sana'ar ba, taruwa ya yi a sama. Tun a 1985 an sayar da wani ɗan shekara guda mai suna Seattle Dancer a kan dala miliyan 13.1 a kasuwar Keeneland da ke Jihar Kentucky. A 2024 kuɗin baye guda na wani ingarma mai suna Into Mischief dala 250,000 ne. Ingarmun da ake yayi sukan hau goɗiya fiye da 200 a shekara, saura kuwa babu mai waiwayarsu. A 2020 ƙungiyar ta kafa doka cewa kada ingarma ya wuce goɗiya 140, manyan gidajen kiwo suka kai ta kotu, a 2022 ta janye dokar. Mai goɗiya biyu ko uku, wanda zai biya kuɗin baye, ya ciyar wata 11, ya yi renon ɗa, sa'an nan ya kai kasuwa a ƙi tayawa, shi ne yake ta barin sana'ar. Su can sukuwarsu a kan caca ta dogara, da masu cacar suka sami wasu hanyoyi sai filaye suka fara rufewa: Hollywood Park a 2013, Arlington Park a 2021, Golden Gate Fields a 2024. A shekarar 2024 ɗin nan ma ƙasar Singafo ta daina sukuwa ɗungurungum.

Da na gama karantawa sai na ga kamar zanen Baba ne a ƙasan zaure aka mai da shi dala. Ko a Kentucky ko a Kabo, ido yana kan ingarma, nauyi yana kan mai goɗiya. Bambancin da ke tsakaninmu guda ne, kuma shi ya fi tsorata ni. Su suna da littafi, kowace shekara suna ganin abin yana raguwa, suna ta muhawara a kan mafita. Mu namu littafin yatsun Kakana ne, kuma an binne su tare da shi. Daga gida 11 zuwa babu ko ɗaya, ba wanda ya rubuta, ba wanda ya yi cigiya. Ran sallah za a ga dawaki sun cika Ƙofar Kudu, a ce alhamdu lillahi doki na nan. Ba mai tambayar a ina aka haife su.

A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Mun yi murna, kuma abin murna ne. Amma kiyaye hawa bai tsaya ga alkyabba da rawani da algaita ba. Ginshiƙinsa wata dabba ce da ke ɗaure a bayan gidan wani manomi, tana cin rabin tiya kullum. In muna so jikokinmu su ga hawa a kan dawakin ƙasarsu, sai an sa wannan manomi cikin lissafi.

Ni ɗalibi ne, ba ni da iko a kan kowa, amma ga 'yan shawarwari. Na farko, masarautu da hakimai su komo da tsohuwar al'ada, a ajiye ingarma mai kyau a kowace gunduma, mai goɗiya ya kai baye kyauta. Wannan ba zai fi ƙarfin wanda ke ciyar da doki 10 don kwana 4 na sallah ba. Na biyu, kowane hakimi ya sa a buɗe littafi, dagatai su riƙa kawo sunan mai goɗiya da abin da ta haifa, kamar yadda a da ake ƙidayar shanu don jangali. Na uku, a wajen sukuwa da wajen hawa a ware kyauta ta musamman ga dokin da aka haifa a gida, kuma a kira sunan wanda ya yi kiwonsa a ba shi rabonsa a gaban jama'a, don Bahaushe yana son a san da shi. Na huɗu, ma'aikatan lafiyar dabbobi su riƙa leƙa masu goɗiya da damina, lokacin da 'yan duƙushi suka fi mutuwa. Na biyar kuwa namu ne, mu ɗaliban Hausa. In mun je hutu mu zauna da tsofaffi mu rubuta abin da suka sani: akawal da kili da hurde da bidi da danda da bikili, sunayen cututtuka da magungunansu, yadda ake gane shekarun doki a haƙori. In dabba ta ɓace daga gari, kalmominta ke bin bayanta. Tambayar da 'yar ajinmu ta yi ta ishe mu gargaɗi.

Ba na zargin Baba, ko kusa. Ya auna tsakanin goɗiya da ɗa, ya zaɓi ɗa, kuma duk uba na gari haka zai yi. Ba na kuma zargin Kawu, sana'arsa yake yi. Amma duk sanda na karɓi takardar shaidar biyan kuɗin makaranta sai in ji ƙamshin harawa.

Da hutun da ya wuce na je gida. Ƙanena ya sayi babur, yana neman inda zai riƙa ajiye shi, sai ya ɗauko gatari zai tumɓuke turken Gunya, don wurin yana da inuwa. Baba yana alwala a bakin rijiya, bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Bar shi nan." Ƙanena ya ce, "Baba, ai ba abin da za a ɗaure." Ya ce, "Na ce ka bar shi." Sa'an nan ya dubi inda nake tsaye, ya ci gaba da alwalarsa. Bai ce mini kome ba, ni ma ban ce ba, amma na ji saƙon. Saura shekara biyu in gama, in Allah ya kai mu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana, amin.